Idan Tof Gasket Ya Ƙone A Tsohuwar Mota: Matakan Da Mai Mota A Legas Zai Bi

Duk wanda ya daɗe yana riƙe da tsohuwar mota a Legas ya san ranar da allurar zafi take barin tsakiya ta fara hawa, kuma galibi hakan yakan faru ne a inda babu wurin fakawa, ko dai a kan gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, ko a cunkoson Apapa inda mota ke shafe sa'a biyu ba ta ci tafiyar minti goma ba. Bayan kwana biyu ko uku sai bakanike ya leƙa cikin bonet, ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, tof gasket ne ya ƙone, sai an sauke tof." Wani lokaci gaskiya ya faɗa, wani lokaci kuma zato ne kawai. Ko da gaskiyar ce, gasket ba ya ƙonewa haka siddan, akwai abin da ya ƙona shi, kuma wanda ya canza gasket bai nemo wannan abin ba zai sake biyan kuɗin aikin kafin damina ta zagayo.

Inji kashi biyu ne manya. A ƙasa akwai bulok, inda fistin ke hawa da sauka a cikin silinda, a sama kuma akwai kan inji, wanda kanikawa ke kira tof, inda bawul da fulogi suke. Gasket shi ne siririn faifan da ke kwance a tsakaninsu, kaurinsa bai cika wuce milimita ɗaya da rabi ba, amma abu uku yake rabawa a lokaci guda: wutar da ke tashi a cikin silinda, da ruwan da ke kewayawa yana sanyaya inji, da baƙin mai da ke hawa sama ya shafe sassan da ke motsi. Kusan duk motocin da muke hawa a yau tof ɗinsu na alminiyam ne, kuma alminiyam yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. A mota irin Camry ta 1997 zuwa 2001 mai silinda huɗu, wadda bulok ɗinta na baƙin ƙarfe ne, idan zafi ya wuce kima sai tof ya miƙe fiye da bulok, ya murƙushe gasket, sannan idan ya huce ya dawo a karkace. Ta wannan 'yar ƙofar da ta buɗe ce wuta ke shiga ruwa, ko ruwa ya shiga mai.

Abin da direba ya yi a minti biyar na farko shi ne yakan raba ƙaramin gyara da babban. Da zarar allura ta wuce inda ta saba tsayawa, a kashe na'urar sanyaya mota, idan kuma hita tana aiki a buɗe ta har ƙarshe, domin tana janye zafi daga ruwan inji, ko da yake a Legas motoci da yawa an riga an toshe tiyon hitarsu. A nemi gefen hanya a tsaya, a kashe inji, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku a baya. Kada a taɓa murfin lagireto sai inji ya huce har mutum ya iya riƙe tiyon sama da hannu, abin da kan ɗauki aƙalla rabin sa'a, saboda ruwan da ke ciki a matse yake kuma ya haura digiri 100, yana samun ƙofa zai yi tsalle ya ƙona fuska da hannu. Kada kuma a biye wa masu taimako da kan rugo da ledar fiya wata mai sanyi suna kwarara wa inji, domin ruwan sanyi a kan alminiyam mai zafi yana iya tsaga tof ɗin da a da gyaruwa zai yi. Akwai wata yaudara da ya kamata a sani: idan ruwa ya ƙare ƙarƙaf, allura takan sauko da kanta, saboda na'urar da ke auna zafi ba ta cikin ruwa kuma, sai direba ya ɗauka sauƙi ya samu alhali a lokacin ne inji ke dahuwa. Idan an zuba ruwa ya sake tafasa cikin 'yan mintoci, kuɗin motar da za ta ja ta zuwa gareji ya fi kuɗin inji sauƙi nesa ba kusa ba.

Alamomin da aka fi sani su ne farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi, da ruwan lagireto da ke raguwa kullum ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba, da baƙin mai da ya koma kalar shayi mai madara, da inji mai rawa da safe na ɗan lokaci kafin ya daidaita. Sai dai kowace daga cikinsu tana da mai kama da ita, kuma a nan ne masu mota da yawa suke asarar kuɗi. Ɗan tururi daga salansa da sassafe a lokacin damina ba komai ba ne. Farin kumfa kaɗan a ƙarƙashin murfin zuba mai yakan taru a motar da ba ta doguwar tafiya, wadda daga gida sai masallaci sai kasuwa, musamman a gari mai laima irin wannan, don haka a zaro sandar auna mai a duba, ita ce ta fi faɗar gaskiya. Motar da ta ratsa ambaliyar Lekki ko ta Oshodi a watan Yuni ko Yuli tana iya shan ruwa daga waje, man injinta ya yi fari, alhali gasket ɗinta lafiya lau. A mota mai giya otomatik kuma, man giya yana bi ta cikin lagireto don ya huce, idan wannan bututun ya fashe sai a ga mai ja-ja ko ruwan hoda yana yawo a ruwa, kuma wannan aikin lagireto ne da giya, babu ruwan tof. A gefe guda, gasket yana iya ƙonewa mai bai canza kala ba ko kaɗan, idan tsakanin silinda da hanyar ruwa kaɗai ya fashe, kuma wannan shi ne ya fi yawa.

Saboda haka kada a yarda a kwance ko noti ɗaya sai an yi gwaji. Na farko ba ya cin ko kwabo. Da safe, inji yana da sanyi, a buɗe murfin lagireto, a cika ruwa har wuya, a tayar da mota a tsaya a zuba ido. Na taɓa tsayawa a wani gareji a Agege ina kallon wannan gwajin a kan wata Corolla: ruwan ya kwanta shiru na ɗan lokaci, sai ga ƙwayar kumfa ɗaya ta taso, sai wata, sai suka jeru ɗaya bayan ɗaya kamar tukunyar da ta fara ɗaukar wuta, alhali tiyon sama ko ɗumi bai yi ba, da aka taka totur kuwa sai ruwan ya yi ambaliya ya jiƙa fanka. Ruwan da bai yi zafi ba ba ya tafasa, don haka wannan kumfar iskar silinda ce. Haka kuma idan an rufe murfi aka tayar da inji mai sanyi, tiyon sama ya yi tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu, maganar ɗaya ce.

Gwajin da ya fi wannan tabbas shi ne na wani shuɗin ruwa da ake zubawa a ɗan bututu a ɗora a bakin lagireto, a riƙa zuƙo iskar da ke fitowa ta ratsa shi. Idan akwai hayaƙin konewa a ciki, shuɗin zai koma rawaya a injin fetur, ko kore a injin dizal. Sai gwajin matsin silinda, inda ake cire fulogi a ɗaura geji a kowane rami a buga sitata. Ana son alƙaluman su yi kusa da juna, bambancinsu kada ya wuce kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100, idan kuma silinda biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, alama ce mai ƙarfi cewa gasket ya fashe a tsakaninsu. Yayin da fulogi ke waje a jera su a kan bonet yadda aka ciro su: wanda ya fita fes kamar an wanke shi, alhali 'yan uwansa suna da ɗan toka-toka, shi ne na silindar da ruwa ke shiga, tururi ne ya wanke shi. Wanda ya sa kwamfutar duba mota zai iya ganin lamba irin P0302 ko P0303, wadda ke nuna silinda ta biyu ko ta uku ce ke tsallake wuta. Garejin da ba shi da ko gejin matsi, a ganina, bai cancanci a ba shi aikin tof ba.

Idan da safe aka murza makulli sitata ta yi ƙugi ta tsaya kamar an riƙe ta, kada a sake murzawa. Mai yiwuwa ruwa ne ya cika silinda cikin dare, kuma ruwa ba ya matsuwa, dagewa a kai yana lanƙwasa sandar da ke riƙe da fistin. A cire fulogi duka tukuna. Haka nan motar da ruwa ya shiga man injinta kada a ci gaba da hawanta da sunan lallaɓawa zuwa ƙarshen wata, domin gurɓataccen mai yana cinye metal, wato siraran faifan ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansu, daga nan sai inji ya buga, ruwan da ke bi ta salansa kuma yana lalata matatar hayaƙin nan da kanikawan Legas ke kira indomi, wadda ita ma ba arha ba ce.

Bayan an tabbatar, sai lissafi. Hanya uku ce a gaban mai mota, kuma ta farko, wato zuba ruwan toshe ɓaraka da ake sayarwa a kwalba, ba na ba da shawararta sai ga wanda yake son ya kai mota gida kawai. Yakan riƙe ƙaramar ɓaraka na ɗan lokaci, amma yadda yake toshe ɓaraka haka yake toshe siraran hanyoyin lagireto, kuma wasu masu sayar da mota suna amfani da shi su ɓoye ciwo, don haka mai sayen tsohuwar mota ya leƙa bakin lagireto ya ga ko akwai wani dalala ko ƙyalƙyali a ruwan. Ta biyu ita ce sauke tof a gyara, ta uku kuma sayen inji tokumbo. Idan injin kafin wannan matsalar ba ya shan mai, ba ya shuɗin hayaƙi, ba ya ƙara, kuma an kashe shi da wuri, gyara ya fi. Idan kuwa an tuƙa shi har ya mutu da kansa, ko ana jin bugu daga ƙasa, ko inji ne mai silinda shida irin na Sienna wanda tof biyu gare shi kuma aikin ya ninka, to a je Ladipo da ke Mushin, ko Owode Onirin ta wajen Mile 12, a ji farashin inji a ranar, tunda tun bayan da aka saki Naira a 2023 farashin kayan gyara ba ya zama wuri ɗaya. Idan kuɗin gyara gaba ɗaya ya doshi kashi biyu cikin uku na kuɗin inji, ni dai inji zan saya. A tafi da bakaniken da aka amince da shi, a tabbatar lambar samfurin injin ta dace da ta motar, a sa mai kaya ya rubuta kwanakin gwaji a kan rasit, a kuma adana rasit ɗin, saboda lambar inji tana cikin takardun mota.

Wanda ya zaɓi gyara ya ware yini ɗaya ya zauna a gareji, domin ingancin aikin yana cikin abubuwan da ba a gani bayan an rufe. Ana kwance tof ne inji yana da sanyi sarai, kuma injin silinda huɗu yawanci noti goma ne ke riƙe da shi, ana sassauta su kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya, ba a zare ɗaya gaba ɗaya a koma na gaba. Kafin a cire bel ko sarƙar taimin, wadda ke haɗa motsin bawul da na fistin, a daidaita alamominta, a ɗauki hoto da waya. Idan tof ya sauko, a karɓi tsohon gasket a duba shi da ido, saboda inda ya ƙone yana ba da labari. Idan aka same shi lafiya ƙalau babu ko tabo, to matsalar tana wani wuri, wataƙila tof ne ya tsage, kuma ɗora sabon gasket ba zai yi maganin komai ba.

Aunawa ita ce zuciyar aikin. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe na awo a kan fuskar tof, a tsaye da a kwance da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa, a riƙa cusa siraran ganyen geji a ƙarƙashinsa. A injuna da yawa karkatar da kamfani ya yarda da ita tana tsakanin milimita 0.05 da 0.10, wato kusan kaurin gashin kai guda, abin da ido ko tafin hannu ba zai taɓa ganewa ba. A auna fuskar bulok ita ma, musamman idan na alminiyam ne kamar na Corolla ta 2003 zuwa 2008. Tof ɗin da ya karkace sai a kai shi wurin masu na'urar gurzar ƙarfe su share fuskarsa, su kuma gwada shi da matsi ko ya tsage, galibi tsakanin mazaunin bawul biyu. Kada a yarda da yaron gareji ya zauna a ƙasa yana goga shi da samfefa ko dutsen wasa wuƙa, domin gasket na zamani, mai faifan ƙarfe hawa-hawa, yana buƙatar fuska mai santsi ƙwarai. Gurzar ma tana da iyaka. Tof ɗin da aka taɓa gurza sau biyu ya riga ya yi gajarta, kuma dabarar nan ta haɗa gasket biyu don cike gurbi ba gyara ba ce, gara a sayi wani tof ɗin.

Wajen sayen gasket kada a yi rowa, domin shi ne mafi arha a cikin aikin kuma shi ne aikin ya dogara a kansa. A Ladipo za a ajiye maka kala uku ko huɗu a kan kanta, kowanne da farashinsa, kuma kwalinsu kusan iri ɗaya. A riƙe tsohon a hannu, a ɗora shi a kan sabon a ga kowane rami ya hau kan ɗan uwansa, a kuma sayi irin wanda kamfani ya sa tun asali, idan na ƙarfe ne na ƙarfe. Ba a shafa wa gasket ɗin tof gam, a bushe ake ɗora shi, kuma yana da sama da ƙasa, da gaba da baya, wanda ya juya shi yana iya toshe hanyar da mai ke hawa.

Noti kuma yana da nasa hukuncin. A injuna da yawa na zamani an ƙera notin tof ne ya ɗan miƙe idan an ɗaure shi, don haka ko dai a sayi sabo, ko a auna tsohon kamar yadda littafin gyaran motar ya tanada. A busar da ramukan noti sarai, saboda ruwa ko mai da ya kwanta a gindin rami yana hana noti kaiwa ƙarshe, har yana iya tsaga bulok. Ana ɗaurewa daga tsakiya zuwa gefe, hawa-hawa, da sufana mai ma'auni, sannan a injuna da dama a ƙara juyi na musamman, misali digiri 90, bayan an kai adadin farko. Bakaniken da ya ce maka, "Maigida, hannuna ya san awo, shekara ashirin ina wannan aiki," ka girmama shekarunsa, amma ka ce a aro sufanar. Masu Camry mai inji 2.4 ta 2002 zuwa 2006 su lura da wani abu da aka san injin 2AZ-FE da shi: zaren da noti ke kamawa a cikin bulok yakan zuge, musamman ta baya, sai tof ya saki ruwa ya fara tsiyaya. Idan noti yana juyawa ba ya kamawa, sai an dasa sabon zare na ƙarfe a ramin, in ba haka ba gasket goma ma ba za su riƙe ba.

Sai a koma ga abin da ya jawo zafin tun farko, tun mota tana buɗe. A duba lagireto ko ya toshe ko tankinsa na roba ya tsage, a duba famfon ruwa ko fukafukansa sun cinye, a tabbatar fanka tana tashi da kanta idan zafi ya kai, a canza duk tiyon da ya kumbura ko ya yi laushi. Murfin lagireto, wanda mutane ke rainawa, shi ne ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, kuma lambar da ke kansa, 0.9 ko 1.1, ita za a nema idan za a sayi sabo. Akwai al'adar da ta zama ruwan dare a garejin Legas, ta cire tamostat, wato 'yar ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto, a jefar da hujjar cewa na ƙasar sanyi ne, a kuma haɗa fanka kai tsaye. Tamostat yana buɗewa ne a wajen digiri 82 zuwa 88 don ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, cire shi yana sa mota shan fetur da saurin cinyewa, fankar da ke gudu ba hutu kuma tana mutuwa da wuri, ranar da ta mutu a cikin cunkoso kuwa babu abin da zai faɗakar da direba sai allura. A mayar da sabon tamostat. Ruwan rijiyar burtsatse, wanda a unguwanni da yawa na Legas yake ɗauke da gishiri ko tsatsa, shi ma a daina zuba shi, domin yana cin alminiyam da gefen gasket a hankali. A zuba kulant, wato ruwan sanyaya inji, na gaske, wanda aka riga aka haɗa, ko a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa.

Bayan an rufe, a zuba sabon mai da sabuwar filta kafin a tayar, idan kuma ruwa ya shiga man a baya a sake canza shi bayan 'yan kwanaki na hawa. A fitar da iskar da ta maƙale a hanyoyin ruwa, a bar inji yana aiki har tamostat ya buɗe fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, domin iskar da aka bari a ciki ita kaɗai tana iya sake dafa sabon aikin. Ɗan farin hayaƙi a ranar farko ba abin tsoro ba ne, ragowar ruwan da ke cikin salansa ne ke ƙonewa. A sati biyu na farko a riƙa duba ruwa kowace safiya kafin a tayar, a yi alama da biro a jikin robar ajiyar ruwa don a san ko yana sauka, a zaro sandar mai a kalli kalarsa. Wanda yake shirin tafiya gida Kano ko Sakkwato da sallah kada ya ɗauki motar da aka rufe jiya ya hau hanyar da ta doshi kilomita 1,000. Ya fara gwada ta a cunkoson Ikorodu Road da rana tsaka, sannan ya kai ta Shagamu ya dawo da gudu irin na babbar hanya, washegari da safe ya buɗe murfin lagireto ya sake gwajin kumfa.